Kwamfuta Ta Ga Kati, Kati Bai Ga Kyamara Ba

Zuwa ga ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a can wajen ginin madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau, sai dai jikin Inna, kuma shi ne dalilin rubutun. Da waya tana shiga wajenku da kira zan yi, to tunda ka zaɓi zama inda ko tsuntsu sai ya yi guzuri kafin ya je, dole in ba direban motar kayanku.

Ranar Litinin na mayar da ita wurin likitan ido. Na hagu ya riga ya tafi, wannan ka sani. Na daman ma ya ce ciwon suga ya ci shi, ganin yana ta tsukewa kamar mai leƙe ta kafar makulli. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce shi ba Allah ba ne, amma in akwai abin da take son gani, kada mu yi jinkiri.

Ba sai na faɗa maka abin da take son gani ba. Yaya ne. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoton mutane, shi ba shi da hoto a gidan nan sai na katin shaida, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da kayan sata. Kaset ɗaya ne ya rage, wanda ya ɗauka ranar da muka tare a gidan nan. Can wajen ƙarshe na ƙwace kyamarar na ɗauke shi, minti biyu da 'yan kai, yana sauke katifa daga mota yana dariya. Na kunna wa Inna a ɗan allon jikin kyamarar, wanda bai fi kwalin ashana ba. Ta kai shi har bakin hancinta, ta ce haske kawai take gani yana motsi.

Ramin da ake haɗa kyamarar da talabijin ya karye tun Yaya yana da rai. Shagon masu kwafe kaset kuwa kada ma ka ambata. Kaset biyu muka kai bara aka ce sun ɓata, tun ranar Inna ta rantse wannan ba zai ƙetare ƙofar gida ba. A ƙarƙashin matashinta yake zama. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ka bar mini tana nan, allonta babba ne, amma na juya ta ciki da bai, ban ga ramin da ya dace da kyamarar ba.

Ka ce kai injiniya ne. To ga ranarka.

'Yar Gwaggonka

*

Zuwa ga Hannun Guduma,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai aiki da sauro. Takardarki ta kwana tara a aljihun direba kafin ta iso, ta sha mai da gumi, amma ta karantu. Labarin idon Gwaggo ya tsaya mini a rai. Ki ce ina duba ta, Allah ya ba ta sauƙi.

Abin da kike nema mai yiwuwa ne. Na tono akwatin kayan aikina, ga abu huɗu nan cikin ƙunshin: kati na ƙarfe, kebul, ɗan abin ba katin wuta, da faifan da za ki sa wa kwamfutar don ta gane katin. A gefen hagu na kwamfutar akwai wata doguwar kafa mai murfin roba. Ki danna ɗan maɓallin da ke kusa da ita, robar za ta fito, sai ki zura katin, rubutun yana kallon sama. Kansa zai rage a waje, da ramuka biyu. Ki haɗa masa wutarsa. Kebul ɗin yana da kai babba da ƙarami: babban na katin ne, ƙaramin na kyamara, a ƙarƙashin wani ɗan murfi kusa da inda ake riƙewa. Da zarar sun haɗu kwamfutar za ta yi ɗan ƙara, ta ce ta ga baƙo. Daga nan sai ki bi abin da ta nuna miki, ta kwashe kaset ɗin gaba ɗaya. Bai fi aikin sa'a ɗaya da rabi ba, Gwaggo za ta ga ɗanta kamar ya shigo ɗakin.

Roƙona ɗaya, don Allah a yi a hankali. Wannan ba keken ɗinkinki ba ne da ake tayar da shi da mari. Ban manta rediyon mahaifina da kika murɗe wa kunne har ya fita a hannunki ba, ko famfon tsakar gida. In na ji wani abu ya lalace, ba sai na yi bincike ba, na san mai laifi, kuma sai dangi kaf sun ji.

Ɗan Kawunki, injiniya ko kin ƙi ko kin so

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Inna tana amsawa, ta ce Allah ya yi maka albarka. Jikin da sauƙi, idon dai yana nan yadda yake, ko ma ya ɗan ja baya. Saƙo ya iso cif, babu abin da ya ɓata.

Na yi duk abin da ka ce. Katin ya shiga, kwamfutar ta yi ƙara ta rubuta cewa ta sami sabon abu kuma ya shirya aiki. Na haɗa kyamarar. Shiru. Na jira minti goma, na cire na mayar, shiru. Na kashe kwamfutar na kunna, na canza rami, na sa faifan ya gama abin da zai yi. Katin dai tana ganinsa, amma kyamarar kamar ba a haɗa komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi saurin baki. Tun ranar da ƙunshin ya zo na ce wa Inna gobe za ta ga Yaya. Ta yi wanka, ta sa aka ɗauko mata mayafinta na fita, ta zauna a kujerar falo tun hantsi, kai ka ce baƙo take jira daga tasha. Har azahar tana zaune. Da na ce mata sai an sake tambayarka, sai ta miƙo hannu na ba ta kaset ɗinta ta koma ɗaki tana lalube.

Me zan yi kuma?

'Yar Gwaggonka

*

Zuwa ga Hannun Guduma,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Gwaggo. Ni lafiya, sai ɗan zazzaɓi da ya kwantar da ni kwana biyu, ya wuce.

Kada ki karaya. Tunda kwamfuta ta ga kati, rabin aiki ya yi. Mu a sana'armu in abu ya ƙi, daga ƙaramin mai laifi ake fara zargi, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, maɓallin kyamarar: yana da wajen ɗauka da wajen kallo, dole ya kasance a wajen kallo, in ba haka ba wasu kyamarorin ba sa amsa sallama. Na biyu, ki buɗe jerin kayan da ke jikin kwamfutar, na zana miki hanyar a bayan takardar nan, ki duba ko akwai ɗigon rawaya kusa da sunan katin. In akwai, faifan ne bai zauna daidai ba, ki cire abin da ya sa ki sake. Na uku, ki haɗa kyamarar da wutar bango, kada ki dogara da batirinta, ya tsufa. Na huɗu, kebul. Shi na fi zargi, don ya daɗe a naɗe a akwati, wayoyin ciki kan karye ba a gani. Ga wani nan na aro wurin mai kula da rediyon sansaninmu, sabo ne fil.

Ɗaya daga cikin huɗun nan ne, na yi imani. Sai fa in guduma kika sa masa, to nan kam ki faɗa tun da wuri in san kotun da zan kai ƙara. Ki ce wa Gwaggo ta ajiye mayafin kusa.

Ɗan Kawunki

*

Ɗan Kawu,

Muna lafiya. Ina fata zazzaɓin bai dawo ba.

Maɓallin yana wajen kallo. Babu ɗigon rawaya. Wutar bango na sa. Sabon kebul ɗin ma bai canza komai ba. Sau goma sha ɗaya na gwada cikin kwana uku, na ajiye ɗinkin mutane suna ta zuwa suna komawa.

Jiya Inna ta zuba shayi a gefen kofi, ya bi tebur ya sauka a cinyarta, ba ta san ba a kofin yake zuba ba sai da ta ji zafi. Yau da safe na shiga da jan zane a jikina, ta kira ni da sunan maƙwabciyarmu. Wannan shi ne halin da muke ciki, kai kuma kana can kana maganar kotu. Wasa yana da ranarsa. In ka gaji da lamarin ne ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka bi ta bayan gida ba.

Ita ce dai

*

Zuwa ga 'yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Gwaggo, yaya ƙunar? Allah ya sa ba ta yi zurfi ba.

Na san kin ga shiru kin ɗauka fushi na yi. Ruwa ne ya cinye gadar da motarmu ke bi, kwana goma sha tara babu shiga babu fita. Takardarki tana can tsallake tare da buhunan siminti, ni kuma ina nan ina ƙirga kwanaki ina cewa yanzu haka Gwaggo ta gani, shi ya sa ba a neme ni ba. Sai yau na karanta. Ban gaji ba, kuma ba zan gaji ba. Yaya shi ya fara riƙa mini sukudireba a hannu, ba ni da abin da zan biya shi da shi sai wannan. Wasan kuwa na ajiye. Na ɗauka zai rage miki nauyi ne, ashe ƙari na yi.

Yanzu mu daina harbi a duhu. Ga kati na biyu, na mai kula da ɗakin awonmu ne, na gwada shi da hannuna yana aiki. Ga kuma wani ɗan akwatin ajiyar bayanai mai rami irin na katin, da kebul ɗinsa. Kada ki taɓa kyamarar tukuna. Ki haɗa akwatin da katin farko, rami ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta abin da ya faru. Sannan ki yi haka da kati na biyu. In kwamfuta ta ga akwatin, kati ya fita daga zargi. Sai a ƙarshe ki gwada kyamarar da kati na biyu.

Akwai tambayar da ya kamata in yi tun farko, ban yi ba. Ranar da kika fara haɗawa, kin ji wani ƙara, ko wani wari, ko wani abu ya yi zafi? Wallahi ba da tsokana nake tambaya ba. Komai ƙanƙantarsa ki faɗa mini, don amsar tana iya rage mana wata guda.

Ɗan Kawunki

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Wa alaikumus salam. Ƙunar ta warke, sai tabo. Ka yafe mini zafin waccan takardar, ba kai nake jin haushi ba.

Na yi gwajin. Katin farko, ramin sama bai ga akwatin ba, na ƙasa ya gani nan take. Kati na biyu duka ramukan sun gani. Kyamarar kuwa babu wanda ya gan ta. Ina zaune ina kallon sunan akwatin nan ya fito a allo cikin ƙiftawar ido, sai na fashe da kuka, don na san abin da hakan yake nufi tun kafin ka faɗa.

Ga amsar tambayarka. Ranar farko na kunna komai, kwamfuta da wutar katin da kyamarar, don ina ɗoki. Na sa ƙaramin kan a kyamara. Na zo sa babban a ramin sama, ya ƙi shiga. Ka san gidan nan, ƙofar firji sai da gwiwa, makullin ɗaki sai an ɗaga an danna, ni kuma haka hannuna ya saba. Na danna. Ya shiga rabi, na ji ɗan ƙara ƙyas, da wani wari kamar an ƙona gashi, bai kai daƙiƙa biyu ba. Na zare na duba, ashe a kife na sa shi. Na juya shi ya shige salin-alin. Kyamarar ta ci gaba da nuna hotonta a ɗan allon, sai na ce wa kaina ba abin da ya faru.

Sau uku na ɗauki biro in rubuta maka. Duk lokacin sai in tuna rediyon Kawu da famfo, da ka ce sai dangi kaf sun ji. Na san wasa ne, tun muna yara haka muke. Amma wannan karon ba rediyo ba ne, kayan Yaya ne, kuma idon Inna ne. Na kasa ɗaukar a ce ni ce. Na yi ta fatan kebul ne, ko faifai, ko wani abu da ba hannuna ba. Mako bakwai ke nan ina barin ka kana aro wurin mutane, ina kallon uwata tana lalube, saboda kunya.

Yanzu taga kawai take iya nunawa, in rana ta take. Ka faɗa mini gaskiya, na lalata kyamarar ko?

'Yar Gwaggonka

*

Zuwa ga 'yar Gwaggo,

Ina gaishe ku. Direba yana jira da mota a kunne, don haka a gurguje.

Ramin kyamarar ya ƙone, wutar katin ta bi hanyar da ba tata ba. Ba ya gyaruwa a nan kusa. Amma kaset ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne Yaya, ba kyamarar ba.

Na nemo kwafin takardata ta farko a littafin aiki, na karanta sau biyu. Layi shida na ɓata ina tsokanarki, ban rubuta layi ɗaya da ya kamata ba: a kashe komai kafin a haɗa, a dubi bakin kebul kafin a zura. Mu a wurin aiki ba ma faɗa wa juna wannan, kamar a ce wa mutum kada ya sa hannu a wuta ne, har na manta ana koyonsa. Ke kin danna, ni na ba ki wuta ban gargaɗe ki ba, sannan na toshe miki bakin faɗa. In za a raba laifin nan, nawa kason ya fi.

Mai awon ƙasarmu yana da kyamara irin wannan a gidansa, ta matarsa ce. Ya rubuta mata ta ba direba a hanya, zai kawo miki kai tsaye. Ki yi amfani da kati na biyu, ba tare da abin ba shi wuta ba, ba a bukatarsa. Komai a kashe, ki haɗa, sannan ki kunna. Allah ya sa mu cim mata kafin idon ya rufe.

Ɗan Kawunki

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwadon hali, ina fata kai ma haka. Kyamarar ta iso ranar Alhamis, kwana goma sha shida bayan takardarka, don matar ta yi tafiya sai da direba ya koma sau biyu. Ga ta nan na mayar a naɗe cikin tawul, ka yi musu godiya.

Na kashe komai, na dubi bakin kebul har sau uku, na haɗa, na kunna. Kwamfutar ta yi ɗan ƙaran da ka faɗa tun wata uku da suka wuce. Sai ga tsakar gidanmu ya cika allo, tas, har tsagar bangon nan ana gani. Aikin bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, kamar yadda ka ce.

Na je na kamo hannun Inna na zaunar da ita, na jawo tebur har allon ya kusa taɓa ƙirjinta, na rufe labule don hasken ya fito sosai. Na wuce da shi zuwa wajen ƙarshe. Da muryar Yaya ta fito yana cewa in ajiye masa kyamara kafin in karya, sai ta ɗaga kai, amma wajen ƙofa ta juya, inda take jin sautin yana dawowa. Na juyo da fuskarta. Ta buɗe idon nan iya buɗewa, ta miƙa hannu ta dafa allon, a kan tayar mota.

Ta ce, "Shi ne nan?"

Na matsar da hannunta zuwa fuskarsa, na tsayar da hoton. Ta shafa gilashin a hankali. Ta tambaye ni wace riga ce a jikinsa, na ce mai ratsin shuɗi, wadda aljihunta ya yage. Ta ce ta san ta. Ta ce yana da ƙiba a nan ko ya rame, na ce da ƙibarsa. Ta ce yana kallonta ne, na ce yana kallonki, Inna, yana dariya. Sau tara muka maimaita minti biyun nan, ina faɗa mata abin da yake yi: yanzu ya ɗora katifar a ka, yanzu ta zame, yanzu ya juyo. A na ƙarshe ita take riga ni faɗa.

Da muka gama sai ta tambaye ni ko direban zai koma gobe. Na ce e. Ta ce, "To ki rubuta wa yaron nan, ya sha wahala. Ki ce masa na gani, na ga ɗana sarai, Allah ya yi masa albarka. Kada ki ƙara komai a kai."

Na rubuta maka don ta ce in rubuta. Amma na ɓoye maka gaskiya sau ɗaya, na ga abin da ta jawo, ba zan ƙara ba. Ba ta gani ba, ɗan Kawu. Ko hasken ba ta gani ba.

'Yar Gwaggonka